Abin Da Ta Ci

Buhu goma sha tara na riɗi na sayar, da bijimi guda,
na ɗora kuɗin sallamar koyarwa a kai,
na karɓo ta a hannun wani ma'aikacin banki a Dutse.
Ya ce ba ta taɓa kwana a hanya ba.
Bai yi ƙarya ba. Ni take jira.

Ran da ta shigo ƙauyenmu yara suka bi ta har ƙofar gida.
Na kafa mata rumfar kara a gefen turke,
daidai inda bijimin ya saba tsayawa.

Sati uku, allurar zafi ta hau
a hanyar Gujungu, ran Lahadi, kasuwa na ci.
Lagireto na yoyo kamar tsohon tulu.
Ilu bakanike ya leƙa, ya goge hannu a wando,
ya ce, Malam, ƙaramin abu ne.
Tun ranar na gane ƙaramin abu a bakin Ilu
dubu arba'in ne, ban da na sabulu.

Sai na buɗe mata littafi,
irin wanda na yi shekara talatin ina kiran sunan yara a ciki.
Fulogi huɗu. Fanbel. Baƙin mai.
Shokazoba, ramukan damina suka gama da ita.
Batir ya mutu ran sunan jikana,
muka tura ta da manyan riguna, mutane na gaishe mu.
Taya biyu na hannu daga Ƙofar Ruwa,
ɗaya ba ta wuce Gezawa ba.
Giya kuwa sai ta yi jim kafin ta shiga ta biyu,
kamar wanda aka tare da zancen bashi a bakin masallaci.
Takardu, inshora, da abin da hannu ke miƙawa a shinge.
Galan ɗin 'yan bumburutu, don gidan mai ya yi mana nisa.
Har ɓera ya samu rabonsa: wayar fitila.

Uwani ta ce, tana tankaɗe ba ta ko ɗago ba,
bijiminka kara yake ci ya ba mu taki,
wannan kuɗi take ci ta ba mu hayaƙi.
Ban tanka ba. Me zan ce?

Sai wani dare, wajen ƙarfe biyu,
Jibo ya buga ƙyaure kamar zai ɓalle shi.
Ladidi ce. Haihuwa ta zo da gardama, ga jini.
Duk garin babu ƙafa huɗu sai tawa.
Na sa makulli, bakina ya bushe,
na ce ke dai, yau kaɗai.

Bugu ɗaya ta tashi.

Ba tari, ba jim, allura ba ta motsa ba.
Ta ratsa burji da yashi da ruwan kwazazzabo
har ƙofar asibitin Jahun.
Mace aka samu. Uwar ta rayu.

A dawowa, da hantsi, ta mutu a gindin wata tsamiya.
Famfon mai.
Na zauna a kan boneti ina dariya ni kaɗai,
wani mai amalanke ya tsaya yana tambaya ko lafiya.

Jiya dillali ya zo ya taya ta, tayin wulaƙanci.
Da dare na haska littafin, na tara lissafi:
abin da ta ci ya haura kuɗin da na saye ta.
Na duba shafi shafi,
ban ga layin da zan rubuta 'yar Ladidi ba,
wadda yanzu take dafa tayar baya tana koyon tsayuwa.

Na rufe littafin.
Gobe da sassafe zan je Taura wajen Ilu.
Akwai wata ƙara a ƙasan hagu,
ya ce ƙaramin abu ne.